Damin Malam Bawa

Masama, Gwandu
20 ga Mayu

Ɗana Muzzammil,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kuma kana tashi sallar asuba ba sai rana ta tashe ka ba, don na san halinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke motsawa idan zafi ya yi yawa. Yayarka Nafisa da marayunta suna gaishe ka. Ƙaraminsu ya yi zazzaɓi, amma ya miƙe har ya koma ɓarna.

Ashiru direba ya kawo mini takardarka ranar kasuwa. Na gode Allah da aka tabbatar da kai a aikin nan naku na dashen itatuwa, Shirin Inuwar Gobe. Ka riƙe amana, ka rage surutu a gaban manyanka. Ka ce in riƙa kiran ka da wayar Nafisa. Ba zan yi ba. Ba na maganar gida ina ɗaga murya a tsakar gida, maƙwabta suna saurare ta bayan katanga. Da aka kai ni makaranta ba don ado aka koya mini rubutu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ce shirinku zai shigo ƙasar Gwandu bana, kuma ka ba da gonarmu ta hanyar Dodoru a yi gwaji da ita: a dasa itatuwa layi-layi, a kewaye ta da waya, a haƙa rijiya mai aiki da hasken rana don mu yi albasa da rani. Na ga niyyarka, Allah ya yi maka albarka. Amma ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Gonar nan ba tamu ba ce, ka kuma sani. Aro ce. Malam Bawa, aminin mahaifinka, shi ya ba shi ita shekarar da aka kawo ni gidan nan. Da mahaifin naka Haliru ya rasu, Malam Bawa ya zo gaisuwa ya ce in ci gaba da nomawa in ciyar da ku. Ka tuna damin geron da muke kai masa kowace kaka, wanda kake mita da nauyinsa kana ƙarami? Ba zakka ba ce, ba kuma kyauta ba. Da shi muke faɗa masa cewa ba mu manta mai gona ba.

Mai aro yana shuka abin da zai girbe ya kwashe: gero, dawa, wake. Ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya. Wanda ya dasa itace a ƙasa ya gaya wa gari cewa ƙasar tasa ce. Babu wanda ya kai mahaifinka son mangwaro, amma har ya koma ga Allah bai binne ƙwallo ɗaya a gonar nan ba. Ko gawon da ke tsakiyarta, sai an aika an nemi izini kafin mu sare reshe.

Wataƙila a ofishinku ana ganin wannan tsohon yayi ne. To, a Masama yana nan da ransa. Malam Bawa ya tsufa, idonsa ya tafi, kuma ɗansa Basharu ba irin zuciyar uban gare shi ba. Daga gonar nan tuwon gidan nan ke fitowa, nawa da na Nafisa da na 'ya'yanta. Ba mu da wata.

Ka je wurin shugabanka ka ce ka yi kuskure, a cire ta. Kunyar yini ɗaya ba ta kashe kowa. Ba sai ka amsa mini ba, aikatawar nake so.

Mahaifiyarka,
Kubura

Wurogauri, Kalgo
6 ga Yuli

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. A gaishe mini da Yaya Nafisa da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai sauro da ya mai da ni abincinsa.

Tun ƙarshen Mayu aka turo ni nan Wurogauri, inda muke renon ƙananan itatuwa a leda. Ban sake taka ɗakina na Kalgo ba, ko da Ashiru ya ajiye mini wani saƙo a can ban gani ba. Na gwada wayar Yaya Nafisa ba ta shiga, nan sai an hau tudu ake samun layi. Amma hankalina a kwance yake. Na san ki, Inna: da kin ƙi maganar gonar, da ko a ƙafa kin turo wani ya same ni.

Albishirinki. An amince da gonarmu. Da yake lokaci ya ƙure, na sa hannu a madadinki. Motar da za ta kawo miki takardar nan ita ce ɗauke da itatuwan. Da hannuna na zaɓa miki su: dogonyaro a gefe don tare iska, mangwaro mai aure da gwaiba a ciki. Mangwaron saboda Baba na sa.

Na san za ki tuna mini da Malam Bawa. Inna, shekara nawa muna noman gonar nan? A cikinta na koyi riƙe fartanya. Ai gyara masa ita za mu yi, ƙasar ta gaji, iska na kwashe ta kowace shekara. Idan na zo da sallah zan je in gaishe shi, in kai masa turare, in yi masa bayani da kaina.

Ki sa mini albarka. Ina so wata rana ki zauna a inuwar abin da ɗanki ya dasa.

Ɗanki,
Muzzammil

Masama, Gwandu
23 ga Yuli

Muzzammil,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ka ɗauki shiruna amincewa, ni kuma na ɗauki shirunka biyayya. Takardar da na rubuta maka tun watan Mayu in hana ka tana can ɗakinka na Kalgo tana shan ƙura. Amma ko ba ka gan ta ba, wace tarbiyya ce ta koya maka sa hannu da sunan uwarka a kan abin da ba ta gani ba?

Ranar da motarku ta zo ina Dodoru wajen suna. Na kwana biyu a can. Da na dawo, tun daga kan hanya na hango abin da aka yi wa gonar. An kafa turaku, an ja waya. An tattake mini gero da ya kai gwiwa an haƙa ramuka. A bakin gonar kuma ga allo kore mai ƙafar ƙarfe, an rubuta da manyan baƙaƙe: Gonar Gwaji ta Kubura Haliru. Ko makaho sai an karanta masa, kuma an karanta masa.

Ina tsaye a wurin sai ga Basharu a kan babur. Ya kashe, ya sauka, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Sannan ya ce, "Inna Kubura, barka da arziki. Ashe kun sayi gona ba mu sha labari ba?"

Na ce, "Basharu, ka iya bakinka. Ni na goya ka lokacin da uwarka take jinya."

Ya ce, "Shi ya sa na gaishe ki kafin in yi magana. Wanga allo da gani ba ruwan sama ya tsiro da shi ba."

Na ce masa aikin yaro ne, ban sani ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaro mai albashi? Yaron da ya san inda ake sa hannu?" Ni da ba a taɓa rufe mini baki a garin nan ba, ɗan da na goya ya rufe mini shi saboda kai.

Ban shiga gida ba, na wuce gidan Malam Bawa da ƙurar tafiya a jikina. Na same shi kwance a tabarma, ya rame ƙwarai. Ya gane muryata tun daga sallama. Ya ce, "Kubura, an ce har da mangwaro." Na ce har da shi, Malam. Sai ya ce, "Haliru ya so mangwaro. Sau ɗaya ya taɓa roƙona, na ce ya yi haƙuri, bai sake ba." Na durƙusa na rantse masa ba da sanina ba ne. Ya ce, "Na yarda da ke. Ban taɓa neman takarda a wurinku ba, ku ma ba ku nema a wurina ba. Amma yara sun taso, kuma su allo suke gani. A tumɓuke itatuwan, a cire allon, in ji da kunnena, sai in tara su in ce magana ta mutu. Ki yi sauri dai tun ina nan."

Washegari na ɗauki Nafisa muka tafi da fartanya. Sai muka tarar shirinku ya ɗauki mai gadi. Ya ce duk wanda ya taɓa itace ɗaya za a kai shi wurin 'yan sanda. Na ce gerona ne a ciki, ya ce geron nawa ne amma itatuwan na shiri ne. Na je wurin mai gari. Ya saurare ni da mutunci, ya ce shi ma baƙi aka kawo masa ya karɓa, ba shi da ikon cirewa sai da umarni daga ofishinku.

Saboda haka abin ya dawo hannunka. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ka bar duk abin da kake yi ka je ofishin nan, ka faɗi gaskiya, ka taho da takardar izinin cirewa. Na roƙi Ashiru ya bi ka har inda kake ya danƙa maka wannan a hannu, ya haɗa da ta farkon. Kada ka tsaya sayen turare. Tsohon nan ba turare yake jira ba.

Mahaifiyarka,
Kubura

Masama, Gwandu
3 ga Satumba

Muzzammil,

Assalamu alaikum. Muna raye.

Malam Bawa ya rasu ranar Laraba da hantsi, an kai shi bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya saka masa da abin da ya yi mana. Matarsa ta ce mini har kwanakinsa na ƙarshe, idan ya ji ƙarar mota a hanya sai ya tambaya ko masu cire allon ne.

Ashiru ya rantse mini ya ba ka takarduna hannu da hannu. To wannan shirun kuma na mene ne? Idan ba ka da lafiya ka aiko a faɗa mini. Idan kuma kunya ce ta hana ka, ka sani kunyar da ba ta gyara komai ba wani nau'in girman kai ce.

Gero ya fitar da kai, ya yi kyau bana. Ban san ko in yi murna ba.

Kubura

Kalgo
16 ga Satumba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar Malam Bawa. Allah ya gafarta masa. Lafiyata lau, ba ciwo ya hana ni rubutu ba.

Takardunki biyu na farko sun same ni tun farkon Agusta. Na karanta su a tsaye, na kasa zama. Ban amsa ba don ina so in amsa da labari mai daɗi. Kullum ina cewa gobe.

Na je ofis ba sau ɗaya ba. Shugabanmu ya ce gonar ta riga ta shiga taswira, an ɗauki hotonta an aika wa masu ba da tallafi, kuma ita ce za a nuna wa baƙi bayan girbi saboda tana bakin hanya. Ya ce a tsarin da aka zana babu gurbin cire gona, gurbin ƙarawa kawai. Na yi masa bayanin aro da dami. Ya ce a takardarsu tambaya ɗaya ce: wa ke noma gonar? Ya kuma ce idan na dage, sai an rubuta cewa na sa hannu a kan ƙasar da ba tamu ba, kuma na san abin da zai biyo baya. Na fito ban dage ba, Inna. Ki yafe mini.

Can Wurogauri ma abin ba daɗi. Wayar da muka ja ta toshe hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, makiyaya sun yanke ta, yanzu su da manoma ba sa ga maciji. Da yawa daga abin da muka dasa ya bushe. Mai haƙa rijiyoyin har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.

Amma akwai wata hanya, ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi. Wani abokin aikina da ya san shari'ar ƙasa ya ce takardar shirin da sunanki take, kin fi shekara talatin kina noma gonar, kuma babu rubutu ko ɗaya da ya ce aro ce. Baba ya rasu, Malam Bawa ya rasu. Waɗanda aka yi maganar a gabansu duk sun tafi, sai ke. Idan aka kira ki, ki ce Malam Bawa ya bar wa Baba ita, damin kuma alheri ne kawai kuke yi masa. Ofis zai turo wakili ya tsaya miki, don su ma ba sa son rigima a gonar da baƙi za su gani. Basharu yana da gonaki, Inna. Yaya Nafisa da yaranta ba su da ko taki ɗaya.

Kalma ɗaya ce. Ki duba marayun nan.

Ɗanki mai neman gafara,
Muzzammil

Masama, Gwandu
9 ga Nuwamba

Ɗana Muzzammil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, gwiwa ta lafa da zafi ya ragu. Nafisa tana gaishe ka, ko da yake ni ba ta cika yi mini magana ba kwanan nan. Za ka ji dalili.

Na karanta takardarka har ƙarshe kamar yadda ka roƙa. Abokin nan naka, ka rage zama da shi.

Mun yi girbi. Na zaɓi dami mafi kyau, kamar kowace shekara, na aika gidan Malam Bawa. Kafin la'asar aka dawo da shi a amalanke aka jingine mini a ƙofar gida. Duk wanda ya wuce ya gani ya san an karɓe aro.

Mako na zagayowa mai gari ya kira mu. Basharu da 'yan'uwansa suna gefe guda, wakilin ofishinku yana gefe da takardarsa a cikin jaka. Tun a hanya Nafisa take kuka tana riƙe mini mayafi, tana cewa, "Inna, ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai za ki yi, ki bar mai takarda ya yi magana." Mai takarda ya yi maganarsa, ya iya baki ƙwarai. Na ga Basharu ya fara zufa, don ba shi da abin nunawa. Sai mai gari ya juyo ya ce, "Kubura, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka sani. Gonar wa ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta Malam Bawa ce. Aro ya ba mijina."

Kada ka ɗauka da sauƙi na faɗa. Ina jin numfashin yayarka a bayana. Amma mutumin nan ya ciyar da ku shekara da shekaru a kan magana ta baki, bai taɓa neman shaida ba. Ba zan jira ƙasa ta rufe masa ido in ce ban san zancen ba. Tuwon da za a tuƙa da wannan geron ba zan iya sa wa jikokina a baki ba.

Da muka fito Basharu ya biyo ni, ya rage murya. Ya ce, "Inna Kubura, wallahi da ba a kafa allon nan ba, da ba wanda zai tambaya har ki gaji ki bari. Amma yanzu 'yan'uwana sun tsorata, sun ce a raba kowa ya riƙe nasa." Na ce Allah ya sa albarka. Me zan ce?

Baƙinku sun zo a motoci masu sanyi. Kafin su iso an shafe sunana a allon an rubuta na Basharu, fentin bai gama bushewa ba. Sun ɗauki hoto, sun tafa, sun tafi. Mai gadi ya bar aiki, an kwance wayar ta gefen gabas, awaki sun shiga. Mangwaron da gwaibar babu ko ɗaya. 'Yan dogonyaro ne suka rage. Rijiya kuwa ba a ko auna wurinta ba.

Na zaga neman wata gonar aro don baɗi. Ba mai bayarwa. Tun da labarinmu ya bazu, masu ƙasa a Masama da Dodoru suna ta karɓe gonakinsu daga hannun masu aro, kada a wayi gari a ga allo. Gidaje da dama da ba su taɓa jin sunan shirinku ba sun rasa inda za su shuka. Idan na wuce, matan suna yin shiru. Abin da muka girbe zai kai mu bazara idan mun yi tsimi. Bayan nan Allah ne ya sani. Nafisa ta fara karɓar sussukar mutane.

Kada ka bar aikinka don baƙin ciki, yanzu ba mu da rumbun da ya wuce shi. Amma duk gonar da za ku shiga, kafin ka tambayi wa ke noma ta, ka tambayi wa ake kai wa dami. Na yafe maka, duniya da lahira. Yafiya dai ba ta mayar da gona.

Damin da aka dawo mini da shi yana nan inda aka jingine shi, na kasa sa shi a rumbu, na kasa sussuke shi. Na ba Ashiru ya kawo maka tare da takardar nan. Ka ɗauke shi da kanka daga tasha zuwa ɗakinka, kada ka ba ɗan dako. A cikinsa akwai zangarniyar da na ɗaure da jan zare. Iri ne, tun na hannun mahaifinka, ban taɓa bari ya yanke ba. Ni ba ni da inda zan zuba shi. Idan wani bawan Allah a Kalgo ya ara maka ko 'yar kadada ce, ka shuka.

Gero kaɗai, Muzzammil.

Mahaifiyarka,
Kubura